Ranar da Kan Makulli Ya Fashe

Baba Direba kowa yake kiransa a unguwar, manya da yara, har matarsa ma idan tana neman tsokana. Shi ne dattijon nan siriri mai furfura a gemu da ake gani kullum da safe a gidan Hajiya, tsumma a kafaɗa, bokiti a hannu, yana wanke motar da ba lalle ne ta fita ranar ba. Ko a gareji ta kwana, ko ƙuda bai sauka a kanta ba, sai ya wanke ta. In ya gama kuma ya ɗauki tsintsiya ya share inda ya tsaya, ya share inda ruwa ya bi, ya kwashe ya kai durom ɗin shara da ke bayan gida. Mutum ne da ba ya iya ganin tsinke a ƙasa ya wuce. Mai girkin gidan takan ce da za a bar shi, da har titin unguwar sai ya bi shi da tsumma.

Tuƙi ne kaɗai abin da ya iya a duniya. Yana saurayi ya fara bin babbar mota, yana ɗaure kaya, yana sa wa taya weji, yana kwana a ƙarƙashin mota a garuruwan da bai san kowa ba. A haka ya saci tuƙi da ido, har wata rana ubangidansa ya gaji ya miƙa masa sitiyari. Da ya yi aure ya ga yawon ya ishe shi, sai ya nemi aikin gida. Mijin Hajiya ya ɗauke shi lokacin yaran gidan suna firamare. Shi ya riƙa kai su makaranta yana ɗauko su, hannu ɗaya a sitiyari, ɗaya a baya yana rabon faɗa. Ya san wanda yake amai in an bi hanya mai kwana, ya san wadda take ɓoye takalmi a ƙarƙashin kujera don a makara. Da suka girma, shi ya kai su filin jirgi ɗaya bayan ɗaya, ya sauke musu akwatuna, kowa ya ce, “Baba, sai mun zo hutu.” Hutun ya yi ta gajarta har ya koma kiran waya.

Daga baya maigidan ya kwanta ciwo, ya rasu. Gidan da a da ba ka jin maganar na kusa da kai saboda hayaniya, ya rage daga Hajiya sai mai girki sai Baba Direba da mota. Auta ce kaɗai cikin yaran ba ta tsallaka ruwa ba, amma ita ma a wani gari take aiki. Daga can take tafiyar da gidan ta waya: maganin Hajiya, kuɗin wuta, albashin masu aiki, duk daga hannunta suke fitowa.

Motar ita ce ta ƙarshe da marigayin ya saya, kuma ko a lokacin ta hannu ce. Yanzu ta tsufa, esi ya daina sanyi, in ta faɗa rami sai ka ji har cikin haƙoranka. Tafiyarta ma ba yawa: asibiti saboda ciwon bayan Hajiya, kantin magani, gidan ƙanwarta, sai dubiya in ta kama. Hajiya takan zauna a baya da ɗan matashinta a ƙugu. Ba su cika hira ba, don ba sauran abin da ba su faɗa wa juna ba. In ta ce, “A hankali,” za ka tarar ya riga ya ɗaga ƙafa daga totur.

Zuwan Auta na ƙarshe ne ya hana shi sukuni. Yana shigo da jakunkunanta falo ya ji tana cewa, “Mama, motar nan ta zama cin kuɗi kawai. Duk ranar da ta sake kwanciya, sayarwa za mu yi. Yanzu ai da waya ake kiran mota, ta zo har ƙofar gida.”

Hajiya ta ce, “To, shi Baba Direba fa?”

Auta ta rage murya. Bai ji abin da ta ce ba, kuma bai buƙaci ji ba, rage muryar ya ishe shi. Ba muguwa ba ce Auta. A kafaɗarsa ta girma, har gobe in ta zo sai ta russuna ta gaishe shi, ta kawo masa turare. Lissafi ne dai ta iya, kuma nauyin gida biyu ne a kanta.

Tun daga ranar motar ba ta sake ciwo ba, a labarin da ake kai wa Auta ke nan. Ƙwan fitila ya mutu, Baba Direba ya sa wani daga aljihunsa. Fambel ɗin injin ya fara kuka, ya lallaɓa wurin bakanike ya sayo na hannu. Matarsa, wadda take ɗinkin kayan yara a ɗakinsu na haya, ta gaji da gani.

Ta ce, “Malam, ni dai ban taɓa ganin ma'aikacin da yake biya don a bar shi ya yi aiki ba. Kai kake yi wa motar nan aiki ko ita take yi maka?”

Ya ce, “In ta tsaya, na tsaya. Wa kika ga yana ɗaukar mai furfura tuƙi yanzu?”

Ta ce, “To, Baba Direba, Allah ya ba motarka lafiya, tunda da ita ake rabon albashin.” Ta ci gaba da taka kekenta.

Gaskiyar magana ya gaji. Gwiwoyinsa suna ƙara in zai tashi daga zaune. Bas yake hawa ya sauka ya sake hawa wata kafin ya iso aiki, kuma ba kullum yake samun wurin zama ba. Wani lokacin yana jiran Hajiya a harabar asibiti barci ya sace shi, ya farka a firgice yana laluben sitiyari. Yana son hutu kamar kowa. Sai dai hutun da za a ba shi ba irin wanda mutum yake so ba ne, ga haya, ga ƙaramar 'yarsa ba ta gama makaranta ba.

Makullin motar guda ɗaya ne tak. Ɗayan makullin ya bi babban ɗan gidan a aljihun kwat zuwa ƙasar waje, kuma har yau ana cewa za a aiko da shi. Wanda ya rage ƙarfe ne mai kan baƙar roba, da maɓallan buɗe ƙofa waɗanda suka daɗe da mutuwa. Robar ta tsage tuntuni. Baba Direba ya naɗe ta da baƙin salatef, in ya saki ya ƙara wani a kai, har kan makullin ya kumbura ya koma kamar yatsan da aka ɗaure da bandeji.

Ranar da abin ya faru ranar asibiti ce, likita zai ga Hajiya bayan azahar. Da safe ya gama wanki, ya sa makulli a ƙofa zai buɗe ya goge ciki. Ƙofar ta ɗan cije kamar yadda ta saba, ya ƙara ƙarfi kaɗan, sai ya ji ƙas. Kan makullin ya tarwatse a hannunsa, gutsattsarin roba suka zube a siminti, ƙarfen ya tsaya a ƙofa shi kaɗai.

Ya ɗaga kai ya dubi tagar Hajiya, labule a sake, ba kowa. Ya ɗauko filaya daga but ya zaro ƙarfen a hankali, ya juya shi a rana. Lafiyarsa lau, ko lanƙwasa bai yi ba. Ya ce a ransa, to, da sauƙi, roba ce kawai ta fashe. Ya sha ji a bakin direbobi a harabar asibiti cewa in ka je kamfani neman sabon makulli, kuɗin da za su yanka maka ya fi albashinsa, kuma sai an ja motar an kai musu. Wannan labari in ya kai kunnen Auta, an gama. Amma ya kuma ji cewa akwai masu sayar da kwanson roba kaɗai, su ɗaura maka a tsohon ƙarfenka da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Kafin ya fita sai ya yi abin da hannunsa ya saba. Ya ɗauki tsintsiya ya share gutsattsarin robar tas, da curin salatef ɗin, da ƙurar wurin, ya kwashe ya juye a durom. Ya leƙa kicin ya ce wa mai girki zai je ya sayo wani ɗan abu na mota, yanzu zai dawo.

Mai gyaran makullin da ya nufa yana ƙarƙashin matakalar wani bene mai shaguna, kusa da kasuwa. Wurin ba ya ɗaukar mutum biyu a tsaye. Tebur ne ƙarami, da injin yankan makulli mai ƙara kamar ana zare maka jijiya, da ƙusoshi a bango kowace da tarin makullai. Shi kansa ƙaton mutum ne mai sanƙo, tabaransa ɗaure da zare, bakinsa ba ya hutawa. Ya karɓi ƙarfen ya ɗaga shi sama.

“Baba, wannan ƙarfen ya ga duniya. Kai ka girme shi ko shi ya girme ka?”

“Bar zancen shekaru, kai ma ga kanka nan ya gama zubewa. Kwanso nake so, mai sauƙi.”

“Akwai mai kyau, akwai mai sauƙi, akwai kuma na Allah ya kai mu gobe.”

“Ba ni na tsakiyar.”

“Motar tsohuwa ce?”

“Tsohuwa ce ƙwarai.”

Mai makullin bai ƙara tambaya ba, don wata mata tana tsaye da kwaɗon shagonta tana masa ƙorafi. Ya zaro kwanso daga leda, ya goga gindin ƙarfen da magagari har ya shiga daidai, ya ɗaure sukuru, ya hure, ya miƙo. Suka ɗan ja ciniki, ya rage masa don furfura. Ya karɓi wayar Baba Direba ya sa masa lambarsa, wai ko wani zai nemi aiki.

A bas Baba Direba ya yi ta fito da makullin yana dubawa. Ya fi motar kyau. Ya ji wani sauƙi a ƙirjinsa wanda ya kwana biyu bai ji ba, har ya tashi ya ba wata mai goyo wurin zamansa.

Da ya koma gida, ƙofar motar ta buɗe ba gardama. Ya zauna, ya yi bisimilla, ya murza. Injin ya yi gurnani, ya yi gurnani, ya ƙi kamawa. Ya saki ya sake murzawa, haka dai. Ya fita ya buɗe bonet, ya taɓa kan batir, ya duba wayoyi, komai yana inda yake. Mai kuwa jiya ya sha. Da ya dawo ya zauna sai ya lura da wata 'yar jar fitila a gaban sitiyari, mai hoton makulli, tana ta ƙiftawa. Duk zamansa da motar bai taɓa kula da ita ba. Ya kira mai makulli.

“Ka ce ja ce, tana ƙiftawa? Kai, Baba. Ai mai sensa ce. Ka ce min tsohuwa ce.”

“Tsohuwa ce mana.”

“Ba ta kai tsufan da nake nufi ba. Saurara. A cikin tsohon kwanson akwai wani ɗan abu baƙi, ba waya a jikinsa, ba batir. Shi ne yake gaya wa motar cewa makullin nan na gida ne. In babu shi, ko wuni za ka yi kana murzawa ba za ta tashi ba. Ina fasasshiyar robar?”

Baba Direba ya juya ya dubi hanyar bayan gida.

“Baba, kana ji na?”

“Na share.”

“Ka share ka kai ina?”

“Shara.”

Mai makullin ya ja numfashi. A karon farko ba wasa a muryarsa. “To, koma sharar. Girmansa kamar kashin ɓera, launinsa ma haka. In ka same shi, kwance sukurun nan, za ka ga ɗan rami a gefe, tura shi ciki ka mayar. In ba ka same shi ba sai masu kwamfuta, su kuwa ba sa jin don Allah.”

Tsakanin fitarsa da dawowarsa mai girki ta yi aikinta. Ɓawon albasa, ganyen shayi, ɓawon ƙwai, ruwan wankin kifi, duk sun bi bayan sharar safe. Ya naɗe hannun riga, ya shimfiɗa tsohon buhu, ya kifar da durom ɗin. Sai da ya dafa bango kafin gwiwoyinsa suka yarda suka kai ƙasa.

Abin takaici, ɓerayen gidan su ma suna da rabo a durom ɗin, kuma sun bar shaida mai yawa. Duk ɗan baƙin abin da ya gani sai ya ɗauka ya murza tsakanin yatsu. In ya marmashe, ba shi ba ne. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gudun datti, ga shi durƙushe a rana yana murza kashin ɓera ɗaya bayan ɗaya, ƙudaje suna bin fuskarsa. Ya tsinci gutsuren roba nan da can, ya tsinci maɓalli guda, amma abin da yake nema babu.

Mai girki ta fito da kwano ta tsaya turus. “Baba, me ya faɗa ciki? Zobe ne?”

“Ɗan wani abu ne na makulli. Ki ba ni aron tsohuwar rariya in kina da ita.”

Ta kawo, ta tsaya tana kallonsa, ta buɗe baki za ta yi tsokanar da ta saba, sai ta ga fuskarsa ta fasa.

Yana cikin tankaɗe shara ya ji takun sanda. Hajiya ce, ta shirya, jaka a hannu, matashi a hammata. Ta tarar da mota a buɗe ba direba, ta zagayo baya.

“Baba Direba, lafiya?”

Ya so ya miƙe, gwiwa ta ƙi. Daga durƙushen ya gaya mata komai, bai rage ba. Kunya ta kama shi irin wadda bai taɓa ji a gabanta ba.

Ta ce, “Sannu. Ai da ka faɗa min tun da safe. Tashi haka nan, gwiwarka.”

Wayarta ta yi ƙara a jaka. Auta ce, kullum ranar asibiti sai ta kira ta ji ko an fita. Hajiya ta dubi wayar, ta dube shi, sannan ta ɗauka.

“Eh, mun shirya. A'a, ba mu fita ba tukuna.” Ta saurara. Hajiya ba ta iya ƙarya ba, ko ta fara sai ta sarƙe. “Motar ce ta ɗan yi gardama. Ba wani abu ba ne, yana kan gyarawa.”

Muryar Auta tana fitowa har inda yake. “Mama, likitan nan sai an yi sa'a ake samunsa, ba za ki rasa shi saboda mota ba. Bari in turo miki wata yanzu.”

Bai gama wanke hannu a famfo ba ya ji hon a bakin get. Ya je ya buɗe. Farar mota ce, tana sheƙi, injinta ba ka ko jin motsinsa. Mai motar ya fito, sa'an babban ɗansa ne, ya gaishe shi da ladabi har da russunawa. Baba Direba ya so a ce mara kunya ne, da ya fi masa sauƙi.

Shi ya buɗe wa Hajiya ƙofar baya. Wani sanyi ya bugo shi daga ciki. Ya gyara mata matashin a ƙugu yadda take so, ya sa sandar a gefenta, sannan ya zagaya wurin mai motar.

“Bayanta ne yake ciwo. In ka zo rami ka shiga a karkace, kuma kar ka taka birki da ƙarfi. Kar ka bi ta gaban kasuwa, hanyar ta lalace, ka zagaya ta bayan makaranta. In kun isa, ka shiga ta ƙaramar ƙofa, ita ce ba ta da matakala. In ta fito daga wurin likita ba ta son magana, ka ƙyale ta.”

“To, Baba. Na gode sosai.”

Sai da suka fita yana tura get ya gane abin da ya yi. Abin da ya tara a shekarun da ya yi yana jan Hajiya, ya juye wa baƙo shi kaf kafin a rufe ƙofar mota. Kuma ko da za a sake, haka zai yi, don ba zai iya bari a jijjiga mata baya ba.

Ya koma bayan gida. Rana ta karkata ta sami inda yake, gumi yana shiga masa ido. Ya tankaɗe abin da zai tankaɗu, ya bi sauran da tsinke. Bayansa ya riƙe, yatsunsa suka yi wari. Ya kai inda ya ce a ransa, to, a bar shi haka, a sayar, kowa ya huta. Ya zauna dirshan a ƙasa, ya jingina da bango, ya rufe ido na ɗan lokaci. Ba ya tunanin komai, gajiya ce kawai.

Da ya buɗe ido ya fara mayar da sharar cikin durom. Curin baƙin salatef ɗin nan ya zo hannunsa, wanda ya ture gefe tun farko. Har zai jefa, sai ya tsaya ya fara warware shi, zagaye bayan zagaye, na bana da na bara da na shekarun baya. A can ciki, manne da danƙon, ga wani ɗan baƙin abu. Ya ɓamɓaro shi da farce, ya murza tsakanin yatsu. Bai marmashe ba.

Ya wanke hannu da sabulu, ya goge abin da gefen rigarsa. Da bakin wuƙar mai girki ya kwance sukurun, amma sai da ya shimfiɗa tsumma a cinya don kada ya sake faɗuwa. Ga ramin nan a gefe kamar yadda aka faɗa masa. Ya tura shi ciki, ya mayar da kwanso, ya ɗaure. Ya shiga mota ya murza. Bugu ɗaya ta tashi, jar fitilar ta mutu.

Ya kifa goshi a kan sitiyari. Ba murna ya ji ba, ya gaji da yawa da zai yi murna. Ji ya yi kamar an sauke masa buhu daga ka, wuya kuma bai daina ciwo ba. Ya kashe ta ya sake tayarwa don ya tabbata, ta tashi.

Ya gama kwashe sharar, ya wanke wurin, ya wanke rariya ya mayar. Ya wanke fuska da ƙafa, ya karkaɗe wando. Sannan ya juyo da motar ta fuskanci get, ya goge gilashin gaba, ya zauna jira. Da ya ji hon, sai ya tayar da injin ya bar shi yana aiki, ya je ya buɗe. So yake kafin ta ce komai ta ji da kunnenta.

Hajiya ta fito fuskarta a sake, ba irin fitowar da ta saba yi daga asibiti ba. Mai farar motar ya miƙo mata sanda, ya yi sallama, ya ja da baya ya tafi.

Ta ce, “Ka ji wani sanyi a motar nan? Har barci na yi a hanya. Bayan nan ko motsi bai yi ba.” Sai ƙarar injin ta kai kunnenta, ta juya. “Au, ta tashi? Sannu da ƙoƙari, Baba Direba. Allah ya yi albarka.”

“Amin, Hajiya. An samu abin. Yanzu lafiyarta lau, makullin ma ya fi da kyau.”

Ta dube shi, sannan ta kawar da kai tana gyara mayafi.

“Auta ta kira muna hanyar dawowa. Sun yi magana da mai farar motar nan, wai shi zai riƙa zuwa duk ranar asibiti.” Ta ɗan tsaya. “Ta ce za ta kira ka da kanta, ku yi magana.”

“To, Hajiya.”

“Kashe ta haka nan, kar mai ya ƙone a banza. Ka je gida ka huta, yau ka wahala.”

Ta taka a hankali ta nufi ƙofar falo, ba ta waiwayo ba. Ya zura hannu ta taga ya murza makullin baya, injin ya yi shiru. Ya zare shi, ya buɗe ya ɗaga gilashi, ya kulle ƙofa. Sannan ya tsaya a tsakar gidan da makullin a hannu, bai san ko a aljihu zai sa shi kamar kullum ba, ko ciki zai bi ta ya miƙa mata.